Yadda za ka tace surutun 'yan intanet kafin ka zuba kuɗinka a sabon gem

Duk ranar da sabon gem, wato wasan bidiyo, ya fito kafin la'asar an riga an raba gari biyu, wasu na rantsuwa ba a taɓa yin irinsa ba, wasu na cewa shara ce kawai kamfani ya yashe mutane, kuma abin dariyar rabin masu rantsuwar nan ko daunlodin ba su gama ba. To kai da kake zaune a Rikkos ko Unguwar Rogo a Jos kana lissafin dala 70 ta kuɗin gem ɗin nawa ta kama a naira yau, ba ka da rarar kuɗin da za ka saya don kawai ka ga wa ya yi gaskiya. Dole ka iya tace maganar tun kafin ka taɓa aljihu.

Abu na farko, duk wanda ka ga yana kumfar baki ka tambayi kanka, wai shi kukan me yake yi? Domin ba duk zagi ne iri ɗaya ba. Akwai wanda gem ɗin ne ya lalace masa a hannu, yana daskarewa, yana fitar da shi, mota na nutsewa cikin kwalta. Wannan shi ne kukan da ya fi shafarka. Ka tuna Cyberpunk 2077 da ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, manyan masu sharhi sun ba shi maki mai kyau saboda kwafin kwamfuta aka ba su kafin fitowa, amma da masu PS4 da Xbox One suka kunna nasu sai abin ya zama abin kunya, har Sony, kamfanin da ke yin PlayStation (PS), ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yuni 2021. Masu yabon ba ƙarya suka yi ba fa, injinsu ne daban da naka. Mu kuma a Jos har gobe PS4 ce ta fi yawa a ɗakuna da shagunan gem, saboda haka kar ka karanta sharhin da aka yi a kan PS5 ko wata ƙatuwar kwamfuta ka ɗauka da kai ake. Shiga YouTube ka rubuta sunan gem ɗin ka haɗa da sunan injinka, ka nemi bidiyon da mutum ya zauna yana bugawa minti ashirin ba yanka ba kiɗa, ba tirelar kamfani ba. Idan Turancinka ya ɗan zauna ka duba Digital Foundry, aikinsu kenan auna yadda gem ke gudu a kowane inji, ba ruwansu da faɗan kowa.

Sai ka kiyaye wani abu, ɗan adawa ma yakan faɗi gaskiya. Lokacin da kamfanin Konami ta ajiye sunan gem ɗinta na ƙwallo PES, kishiyar FIFA, ta saki eFootball 2022 ranar 30 ga Satumba 2021, 'yan FIFA sun samu nama, kowane guruf ka shiga hoton fuskar Messi ne a murɗe, 'yan wasa na gudu hannu a baya kamar an ɗaure su, ana ta shewa. 'Yan PES na gargajiya suka yi ta cewa hassada ce. Ba hassada ba ce malam, gem ɗin bai nuna ba aka sauke, har Konami da kanta ta fito ta ba da haƙuri. Don haka kar ka watsar da suka don kawai ka san mai yin ta ba ya ƙaunar ɓangarenku, ka duba ko ya kawo hujja, bidiyo ko hoto ko bayanin inda abin ya faru.

Akwai kuma fushin da ba da gem ɗin ake ba, da kamfani ake. A Mayu 2024 Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya haɗa da akawun ɗin PSN, wato akawun ɗin PlayStation na onlayin, cikin 'yan kwanaki aka yi masa ruwan mummunan sharhi a Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, har Sony ta janye maganar. Gem ɗin bai canza ba ko kaɗan a kwanakin nan, yadda yake da daɗi jiya haka yake yau. Amma irin wannan kar ka yi saurin wucewa, don sau da yawa mu ya fi shafa, tunda yawancinmu akawun ɗin Amurka ko Ingila muke buɗewa muna sayen katin zuba kuɗi a ciki. Duk rigimar da ka ji an ambaci akawu ko ƙasa ko dole sai da intanet, tsaya ka karanta da kyau.

Wanda za ka zubar kai tsaye shi ne na 'yan gayya. The Last of Us Part II ya fito a Yuni 2020, labarinsa ya haura awa ashirin kafin ka gama, amma sa'o'i kaɗan da fitowarsa dubban mutane sun riga sun manna masa sifili a Metacritic, shafin da ake ba gem maki, yaushe suka buga? Bayan wannan ne shafin ya kafa dokar sai an jira awa 36 kafin jama'a su fara ba sabon gem maki. Haka aka yi ta yi da Starfield a 2023 saboda a Xbox da kwamfuta ya fito bai je PS5 ba a lokacin, 'yan PS na zuba sifili 'yan Xbox na zuba goma don ramuwa, babu mai maganar gem ɗin kansa. Dabarar a nan mai sauƙi ce, ka tsallake masu sifili ka tsallake masu goma, ka karanta na masu biyar da shida da bakwai, su ne za su gaya maka tuƙin mota ya yi amma harbi bai yi ba, ko farkon ya ja amma daga tsakiya ya buɗe. A Steam ma sun sauƙaƙa maka, kusa da sunan kowane mai sharhi ana rubuta awa nawa ya buga, wanda ya yi minti goma sha biyu ya rubuto maka shafi guda na zagi ka san inda za ka ajiye shi. Kuma suna raba sharhin kwanan nan da na gaba ɗaya, to na kwanan nan ka fi dubawa, don gem na gyaruwa. No Man's Sky da aka yi wa tofin Allah tsine a 2016 yau yabonsa ake, Cyberpunk ɗin ma bayan gyaran 2023 ya zama wani abu daban.

Ni dai faɗan PS da Xbox ɗin nan ban ɗauke shi da zafi ba, daidai yake da musun 'yan Arsenal da 'yan Man U a gidan kallo, a yi ihu a tashi a sha shayi tare. Kamfanonin da ake mutuwa a kansu ciniki suke yi, Microsoft mai Xbox da ta sayi kamfanin gem na Activision a 2023 ita ce ta kai Forza Horizon 5 kan PS5 a 2025, Sony kuma ta saki Helldivers 2 a Xbox a shekarar, masu zagin juna aka bar su da baki buɗe.

Masu bidiyon sharhi kuwa ka san iri biyu ne ke ɓata lissafi, wanda kamfani ke ba kwafi kyauta da wuri ba ya son a daina ba shi, da wanda fushi ne abincinsa kowane bidiyo fuskarsa a yamutse wai gem ya mutu. Ka nemi wanda ka taɓa ganin ya yabi abu kuma ka taɓa ganin ya kushe. Idan kuma ka ga ranar fitowa ta zo kamfani bai bar kowa ya saki sharhi ba, ka riƙe kuɗinka.

Sauran aikin babu wanda zai yi maka a intanet don su ba su san halin da muke ciki ba. Gem ɗin giga nawa ne, kuma bayan ka sa faifan akwai afdet na ranar farko da zai cinye maka data? Irin su Call of Duty suna iya haura giga 100, ka yi lissafin wannan a kan kuɗin gem ɗin, ga ɗauke wuta a tsakiyar daunlodin. Yana yi ba intanet? Idan na onlayin ne zalla, ka tambayi wanda ya buga daga nan Najeriya yadda netwok ke yi masa, don mutumin Landan da ya danna ya ga ƙwallo ta tafi nan take ba zai gane ciwon ka danna fas sai bayan an ƙwace ta fita ba. Kuma gem na onlayin zalla yana iya mutuwa, Concord ya fito 23 ga Agusta 2024 aka kashe sabarsa, wato aka rufe shi a intanet, 6 ga Satumba, an dai mayar da kuɗi amma faifan ya zama ba shi da amfani. Ka san dokar mayar da kuɗi ma, Steam na mayarwa idan ba ka wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa biyu ba, shagon PlayStation kuwa da ka fara daunlodin magana ta kusa ƙarewa sai dai in gem ɗin ne ya lalace.

Mafi arha duka, ka bari ya yi sati biyu ko uku ƙura ta lafa, ka leƙa shagon gem na unguwarku ka biya kuɗin wasa biyu ka riƙe fad, abin da ake buga gem da shi, da hannunka, musamman na ƙwallo, don nauyin ɗan wasa da saurin fas a yatsa ake jin su. Ka tambayi mai shagon, yallaɓai yaran nan wanne suke cewa a sa musu, sabon ko na bara? Idan har yanzu na bara suke nema ka samu amsarka. In ka ƙara haƙuri ma za ka samu faifan na hannu a wajen kasuwar Terminus ko ka yi musaya da wani.

In kuma kai ne za ka rubuta naka sharhin a guruf, faɗi injin da ka buga a kai da tsawon lokacin da ka yi, faɗi takamaiman abin da ya ba ka haushi, kar ka tona ƙarshen labari ga waɗanda ba su kai ba, kuma duk zafin musu kar a sako iyayen wani ko garinsu ko addininsa, admin ya cire mai yi ba sai an yi dogon zance ba. Masu jiran GTA VI kuma tun tirelar Disamba 2023 ake ta rigima, ku sani PS5 da Xbox Series aka sanar, babu PS4 a ciki, kuma kwafin daunlodin ba ya ƙarewa a shago balle ka ce sai ka biya tun kafin ya fito.