Yadda nake ziyartar Yankari da ruwan Wikki

Sau huɗu na je Yankari, gandun namun dajin da ke jihar Bauchi, kuma zuwan farko kusan asararsa na yi. Mun isa da rana tsaka, muka faɗa ruwan ɗumi na Wikki, muka ɗauki hotuna, muka juyo gida muna cewa dajin babu komai sai birai. Ashe dabbobin suna nan, mu ne ba mu san lokacinsu ba.

Ka fara da zaɓen wata. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, tafkunan daji sun ƙafe, dole dabba ta gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina kuwa dajin ya yi kore shar, amma ciyawa ta fi mutum tsayi, giwa ma sai ta ɓace a cikinta. Ni Fabrairu na fi so, sanyin hunturu ya ja baya, zafin bazara bai kankama ba.

Daga Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka bi har ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, don haka ka cika tankinka tun daga gari, ka riƙe tsabar kuɗi. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, yanzu yana hannun gwamnatin jihar Bauchi. Ka yi shirin kwana, ko da ɗaya ne, domin fitar asuba ita ce ziyarar.

Da ka idar da sallar asuba ka kasance a shirye. Motar zagaye tana fita da ɗan jagora, kuma shi ne idonka. Kada ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi mai duhu, tsando na bin waɗannan launuka, cizonsa kuma yana huda yadi. Ka sa doguwar riga mai ruwan ƙasa da takalmi sau-ciki, ka bar turare a ɗaki. Abin da ya fi wuya shi ne shiru. Mu mutane ne masu hira, mota ɗaya sai ta zama kasuwa, ɓauna kuwa tana jin muryarka tun ba ka hango ta ba.

A zuwana na uku ɗan jagoranmu ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Ya nuna mana kashin giwa a kan hanya, ɗanye, yana tururi cikin sanyin safiya, ga reshen kawo an karya shi, ɓawon na zubar da ruwa. Ya raɗa mini, "Malam, ba su yi nisa ba." Muka zauna kusan minti ashirin babu mai tari. Sai muka ji ƙarar itace na karyewa, uwa ta fito da ɗanta yana bin ƙafarta, ta tsaya ta buɗe kunnuwa tana shinshinar iska, sannan ta tsallake hanya a hankali. Ɗiyata ta riƙe hannuna har sai da na ji farcenta. Ba kullum ake dacewa haka ba. Gwambaza, gwanki, mazo, gadu da burtu sun fi saurin ganuwa, zaki kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, kada ka ɗora ranka a kansa.

In kana son tafiya da ƙafa, ka nemi a kai ka kogunan Marshall, ɗakunan da mutane suka fafe a jikin dutse tun zamanin da, ko rijiyoyin Dukkey. Kada ka taɓa shiga daji kai kaɗai. Ka bi bayan ma'aikacin daji, ka riƙe gorar ruwa babba, in ya tsaya ka tsaya. Idan kun ci karo da dabba, gudu shi ne babban kuskure.

Sai maganar gwaggon biri, waɗanda suka mayar da sansanin gidansu. Na taɓa barin taga a buɗe na tafi alwala, na dawo na tarar ɗaya zaune kan gado yana yage ledar burodinmu. Ka kulle ƙofa da taga, kada ka yi yawo da leda a hannu, kada kuma ka ba su abinci don yara su yi dariya. Ba su abincin ne ya lalata su har suke ƙwace.

Ruwan Wikki ka bar shi sai ka dawo daga daji. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, don haka yara da wanda bai iya iyo ba su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce ƙugu ba. Ina roƙonka kada ka shiga da sabulu, kuma ka kwashe robar ruwanka ka tafi da ita, domin ruwan nan gangarawa yake ya haɗu da Gaji, inda giwar nan da ɗanta suke sha.