Yadda ake zaɓar tayar da za ta kama kwalta a tirak kuma ka hau titi da ita ba tare da matsala ba

Masu son gudu da mota a Abuja sun yi yawa yanzu, kuma abin farin ciki wasu sun fara gane cewa Airport Road da titin Kubwa ba wurin gwada mota ba ne, gara a jira ranar da aka killace fili aka shirya komai a je a sauke abin da ke rai. To amma fa yawancin samarinmu kuɗinsu a inji da salansa yake ƙarewa, mota tana ruri kamar za ta tashi sama, ka leƙa ƙasa ka ga taya 'yar Beljiyam ce kowacce da sunanta daban. Alhali a tirak, wato filin tseren mota, taya ce komai, ita kaɗai ke taɓa ƙasa, birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta kanta suke bi. Ga yadda za ka bi ka zaɓa, musamman in mota ɗaya gare ka, da ita za ka je filin kuma da ita za ka dawo gida ka tafi ofis ran Litinin.

Na farko, ka tabbata taya ce da doka ta yarda a hau titi da ita

Tayar tsere ta ainihi sumul take ba zane ko ɗaya, silik ake ce mata, wannan kam ba ta titi ba ce, wasu ma a jikinsu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a hawa babbar hanya da su. Wadda kake nema dole ta kasance da zane, kuma a gefenta za ka ga DOT, ko harafin E a cikin da'ira da lamba kusa da shi, wato ta cika ƙa'idar Amurka ko ta Turai. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6, akwai 'yan tuddai ƙanana a cikin ramin zanen, in saman taya ya zo daidai da su to ta gama aiki. Ka sa wannan a ranka tun yanzu domin tayoyin da za mu yi magana a kai tun suna sababbi zanensu bai kai na taya gama-gari zurfi ba, saurin kaiwa ƙarshe suke, kuma 'yan Road Safety da VIO ba ruwansu da cewa wai tayar tsere ce, sanƙo suka gani sanƙo za su rubuta.

Na biyu, lambar Treadwear, nan ne maganar take

A gefen taya akwai rubutu uku a jere, Treadwear da Traction da Temperature. Treadwear lamba ce da ke nuna yadda roba ke jure cinyewa, in lambar ta yi sama robar tana da tauri tana daɗewa, in ta yi ƙasa tana da laushi, tana manne wa kwalta amma tana ƙarewa da wuri. Tayar da ake sa wa Corolla ta yau da kullum za ka ga 400 ko 500 ko ma fiye. Tayoyin gudu na titi irin su Michelin Pilot Sport 4S suna kan 300. Daga nan sai ajin 200, inda ake samun Hankook Ventus RS4 da Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Falken Azenis RT660. Ƙasa da su kuma akwai masu ɗan zane kaɗan don dai a ce akwai, irin Toyo Proxes R888R mai 100 da Pirelli P Zero Trofeo R mai 60.

Mutum yana jin haka sai ya ce to ai shi ke nan a ba ni mai 60 ɗin. A'a mallam, tsaya. Ni a ganina ga wanda ke zaune Abuja kuma da ƙafar motarsa zai je fili, ajin 200 shi ne daidai, kuma ko a cikin ajin ma wadda ke jure zafi ta fi wadda ta fi kowa sauri a zagaye ɗaya. Dalili shi ne kowace roba tana da iyakar zafin da take aiki a ciki, in ta wuce sai ta fara narkewa a sama, ka ji motar tana santsi a kwana kamar an zuba mai. Mu kuma nan a watan Maris iska kanta tana kusan digiri 40, kwaltar da rana ta gasa tun safe ta fi haka nesa ba kusa ba, ga motocinmu masu nauyi ne, su Mercedes C350 da Lexus IS350 da BMW E90. A052 da RE-71RS an san su da kama ƙasa sosai tun zagayen farko, amma a ƙarƙashin mota mai nauyi cikin zafi suna saurin gajiya suna saurin cinyewa. RS4 ba ta kai su sauri ba amma za ka yi ta zagaye tana nan yadda take, kuma tana daɗewa, wanda ke koyo abin da yake buƙata ke nan, yawan zagaye ba wai daƙiƙa ɗaya da zai rage ba.

Kuma in wannan ne zuwanka na farko ko na biyu wallahi ka tsaya a 300. Tayar titi tana kuka kafin ta sake, tana ba ka labari cewa ka kusa iyaka. Mai laushin nan tana riƙewa tana riƙewa, ran da za ta sake kuwa gudunka ya riga ya yi yawa, hannunka bai saba ba.

Wani abu da ya kamata a sani, kamfanin taya ne da kansa yake sa wannan lamba, don haka 200 na wannan kamfani ba lallai ya zama daidai da 200 na wancan ba, ka ɗauke ta a matsayin aji kawai. Shi kuma Traction, AA ko A ko B ko C, gwajin birki ne a miƙe a jiƙaƙƙen titi, bai ce komai game da kwana a busasshiyar kwalta ba, kar mai shago ya ruɗe ka da AA. Temperature kuwa, wato juriyar zafi, ba ciniki, A kawai.

Na uku, saiz

Misali 225/45R17 94W. 225 faɗin taya ne a milimita, 45 tsayin gefenta ne, kashi 45 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim a inci. 94 nauyin da za ta ɗauka ne, kilo 670 kowace taya, in 91 ne kilo 615. Harafin ƙarshe gudu ne, H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, abin da kamfani ya rubuta kada ka sauka ƙasa da shi a nauyi ko a gudu, sama dai ba laifi.

Kwaɗayin faɗi shi ke kai mutane ga asara. Kowa yana so ya cusa 255 a kan rim mai faɗin inci 7.5 wai don ta fi kama ƙasa, sai tayar ta kumbura a tsakiya gefenta ya dinga lanƙwasa a kwana, sitiyari ya zama ba ya jin magana. 225 tana zama daidai a kan inci 7.5 zuwa 8, 245 kuma tana son 8 zuwa 9, kuma taya ƙarama da ta zauna daram a rim ɗinta ta fi babba da aka matse. In za ka canja saiz, tsayin tayar gaba ɗaya kada ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin ɗari, in ba haka ba mitar gudu za ta yi ƙarya, ABS ma, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, yana iya rikicewa. Bayan an ɗaura a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a duba ko tana gogar madigadi ko shokozoba. Kuma dan Allah a bar zancen rim 20 da taya siririya, a tirak ba ta ƙara komai sai nauyi, a titi kuma rami ɗaya a hanyar Nyanya ya isa ya fito mata da ƙulu a gefe. 17 ko 18 sun wadatar, tayarsu ma ta fi araha.

Motocin da tayar baya ta fi ta gaba faɗi tun daga kamfani, kamar IS250, ka bi tsarin yadda yake. Amma iri ɗaya za ka sa duka huɗun. Mai laushi a gaba tsohuwa a baya, wannan neman juyawa ne a tsakiyar kwana.

Na huɗu, ranar haihuwa

Ƙarshen layin DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Road Safety suna yawan jan kunne cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta, to tayar tirak ma ba ta kai nan da ƙarfinta, roba mai laushi tana bushewa ko a ajiye take, balle wadda aka jibge a bakin shago rana na dukanta. Ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba, ka duba duka huɗun ɗaya bayan ɗaya, ka shafa lambar da yatsa ko an kankare an sake bugawa.

Beljiyam kuwa a wannan harka ka manta da ita, dama doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyi ƙasar nan ko da yake sun cika kasuwa. Irin wannan taya duk lokacin da ta yi zafi ta huce robarta na ƙara tauri, mai ita a Turai ya cire ta ne saboda ta daina kamawa ba saboda zane ya ƙare ba, kai kuma ka ga zane ka ce ka tsinci dami a kala. Mafi muni ita ce tayar hunturu, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe da tsage-tsage ƙanana birjik a zanen, an yi ta ne don sanyin ƙanƙara, a zafin tirak gutsurewa take. A Apo ko Zuba za ka samu tayoyin gudu na titi sababbi in ka bincika, amma ajin 200 sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko daga waje, to ka ce a turo maka hoton lambar DOT kafin ka tura ko sisi.

Na biyar, damina

Daga Afrilu zuwa Oktoba ka san yadda ruwan Abuja yake, minti goma titi ya zama kogi. Taya mai ɗan zane ba ta da hanyar fitar da ruwa, sai ta hau kansa, sitiyari ya yi sakayau a hannunka birki ya zama ado. Ajin 200 in sabuwa ce za ta yi maneji in ka rage gudu sosai, in ta ci rabi kuwa sai a hankali, su R888R da Trofeo R kam ba na ba kowa shawarar yawo da su a damina. Wanda ke da hali ya sayi rim huɗu daban ya ɗaura na tirak a kai, ya ajiye a ɗaki mai inuwa nesa da janareta, ranar fita a canja. Wanda ba shi da hali ya tsaya a 300 har rani ya shigo.

Na shida, bayan an ɗaura

A duba rubutun OUTSIDE yana waje, in akwai kibiya ta ROTATION ta kalli gaba, mai faci cikin sauri yana iya juya ta. A yi balansin, a yi alaimen a wurin da ke da na'ura, ka ce a ba tayoyin gaba ɗan kamba, wato saman taya ya ɗan karkata ciki, in motar tana ba da dama. Ba tare da shi ba kafaɗar waje za ta cinye tas cikin yini ɗaya alhali ciki na nan sabo, A052 musamman ba ta yafe wannan. Sabuwar taya kuma tana da ɗan santsi daga masana'anta, ka yi yawo da ita cikin gari na wasu kwanaki kafin ka kai ta fili.

Sai iska, kuma a nan ne ake raba mai taya da mai sanin taya. Sayi gejinka na kanka, na bakin titi kowanne da abin da yake faɗa. Iska tana hawa in taya ta yi zafi, a tirak tana iya ƙaruwa da psi 5 zuwa 8 (psi shi ne ma'aunin iskar taya a geji), don haka wanda ya shiga da 36 zai tsinci kansa sama da 40, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, sai ya fito yana zagin kamfani. Yawancin tayoyin ajin 200 sun fi jin daɗi in suna da zafi a wajen 32 zuwa 35. Fara da 30 a sanyi, yi zagaye biyu a hankali ta ɗumama, ka matsa mata na wasu zagaye, kana fitowa ka auna nan take kafin ta huce, ka rage abin da ya hau. Sa alli ka ja layi daga zanen zuwa gefen taya, in ka dawo ka ga allin ya goge har can ƙasan gefe to tana kwanciya da yawa, ƙara iska kaɗan, in bai ko kai bakin kafaɗa ba rage. Tayar da ke waje a yawancin kwanonin filin ita za ta fi zafi, kada ka yi mamaki in lambobin huɗu ba su zo ɗaya ba.

Kowane hutu ka zagaya motar, ka duba notoci, ka duba ko akwai ƙulu ko tsagewa ko waya ta fara leƙowa. In an tashi kuma ka jira tayoyin su huce ka mayar da iskar zuwa abin da ke rubuce a ƙofar direba kafin ka hau titi, domin abin da ka rage da rana in ta yi sanyi zai iya sauka ƙasa da 27, kuma da wannan ba a shiga ramukan hanyar gida da dare.