Yadda za ku haɗa kai da malamin yaronku don ya saba da kimiyya tun daga gida

Da yawa daga cikin iyaye, da an ce su taimaka wa yaro a fannin kimiyya sai gabansu ya faɗi. Sun ɗauka sai sun tuno duk abin da aka koya musu a aji shekaru ashirin da suka wuce, ko kuma sai sun sayo kayan gwaji masu tsada. Aikin bai kai nan ba. Malami yana da sani, sai dai yara sun yi masa yawa, ga lokacin darasi ƙanƙane. Ku kuma kuna da yaron a gabanku safe da yamma, a daidai lokacin da tambayoyinsa ke fitowa. Abin da ake so shi ne tambaya ta tashi daga gida ta je aji, amsa ta dawo gida a gwada ta, a sake komawa.

Mataki na 1: Ku je wurin malami da tambaya takamaimiya

Idan kuka ce, "Malam, yaya karatun yaron nan?" amsar da za ku ji ita ce "Yana ƙoƙari," kuma hira ta ƙare. Ku nemi minti goma a farkon zangon karatu, ba a bakin ƙofa lokacin tashi ba, sannan ku yi tambayoyi biyu. Ta farko: "Malam, wane darasi za ku shiga cikin makonni uku masu zuwa, kuma wane abu ɗaya za mu iya yi a gida wanda ba ku samun lokacinsa a aji?" Ta biyu: "A ina ne yara suka fi ruɗewa a wannan darasi?"

Tambaya ta biyun ta fi ta farko amfani, don duk malamin da ya daɗe yana koyarwa ya san inda yara ke tuntuɓe. Zai iya gaya muku cewa yara sukan ɗauka duk abu mai nauyi nutsewa yake yi a ruwa, ko kuma tsiro daga ƙasa yake cin abincinsa kamar yadda mutum ke ci da baki. Nan ne za ku ɗora aikin gida. Kafin ku tashi, ku yi yarjejeniya kan hanyar da za ku riƙa tuntuɓar juna, ko ta takarda a jakar yaro, ko ta gajeren saƙon waya sau ɗaya a mako biyu. Kada ya wuce haka, malami ma yana da iyalinsa.

Mataki na 2: Ku ware littafi guda na tambayoyi

Littafin rubutu ne na yau da kullum, amma ba na aikin makaranta ba, kuma ba a duba shi da jan biro. Kowane shafi yana ɗauke da abu huɗu: kwanan wata, tambayar yaro, abin da yake tsammani zai faru, da abin da ya gani da idonsa. Wanda bai iya rubutu ba ya zana, babba ya rubuta masa maganarsa yadda ya faɗe ta, ba gyara.

Wuyar aikin tana ga babba, wato kame baki. Wata mai bincike kan koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara sukan ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma su buɗe baki. Iyaye mun fi malamai gaggawa. Idan yaro ya ce, "Baba, me ya sa wata yake bin mu?" ku mayar masa: "Kai me kake gani?" Sai ku ƙirga uku a zuci kafin ku sake cewa uffan.

Mataki na 3: Ku zaɓi abu ɗaya ku daɗe a kansa

Gwaji goma a rana ɗaya wasa ne kawai, washegari an manta. Abu ɗaya da aka lura da shi na makonni shi ke zama a kai.

Mafi sauƙi shi ne sanda da inuwa. Ku kafa sanda a tsaye a fili mai lebur inda rana ke samu tun safe. Kowace awa yaro ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar, ya auna tsawonta da igiya ko ma'auni, ya rubuta. Zuwa yamma zai ga inuwar ta fara da tsawo, ta gajarce, ta sake miƙewa ta ɗaya ɓangaren. Inda ta fi gajarta shi ne tsakar rana ta haƙiƙa, kuma sau da yawa ba ta dacewa da ƙarfe 12 na agogo, abin da kan ba yara mamaki. Inuwar wannan lokaci tana kan layin arewa da kudu. Ku sake awon bayan wata guda, za ku tarar tsawon ya canza.

Ku ba shi labarin Eratostenis, masanin da ke Iskandariyya ta ƙasar Masar kimanin shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya san cewa a birnin Aswan, can kudancin Masar, akwai ranar da rana ke tsayawa daidai bisa kai, alhali a Iskandariyya a wannan rana sanda na yin inuwa mai kusurwar digiri 7 da ɗan kai, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira. Da wannan, da nisan da ke tsakanin biranen biyu, ya lissafa kewayen duniya. Yau an san kewayen ya kai kimanin kilomita 40,000. Yaron da ya yini yana bin inuwa da tsakuwa zai fahimci labarin nan fiye da wanda ya karanta shi kawai. Gargaɗi ɗaya: inuwa ake kallo, ba a ɗaga ido a kalli rana kai tsaye, ko da tabarau baƙi.

Idan yaron ya fi son dare, ku ba shi wata. Ya zana siffarsa kowane dare a lokaci guda, daga wuri guda. Zagayen siffofin na cika cikin kimanin kwana 29 da rabi, kuma kowace rana wata kan makara wajen fitowa da kusan minti 50. Saboda haka wani dare yaro zai fita ya duba ya rasa shi. Wannan rashin ma a rubuta, don shi ne tambayar da za a kai wa malami.

Mataki na 4: Ku koya masa canza abu ɗaya kawai

Kofuna huɗu, auduga, da ƙwayar wake uku a kowanne. Na farko a ba shi ruwa a ajiye a haske. Na biyu ruwa amma a cikin kwali mai duhu. Na uku haske ba ruwa. Na huɗu a cika shi da ruwa har ƙwayoyin su nutse. Kowanne da abu ɗaya ya bambanta da na farko, kuma wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin kowane gwaji. Kusan duk yaro zai rantse na cikin duhu ba zai tsiro ba. Zai tsiro, har ya fi na haske tsawo, amma siriri kuma fari-fat, don abincin da ke cikin ƙwayar yake ci yana neman haske. Ku bar shi ya ci karo da kuskurensa da kansa.

Mataki na 5: Ku mayar wa malami abin da kuka samu, har da inda kuka kasa

A nan ne na sha kunya. Wata rana na liƙa kyandir a tsakiyar faranti, na zuba ruwa kaɗan, na kunna, na kife kofin gilashi a kai. Wutar ta yi ƙasa-ƙasa ta mutu, sai ruwa ya yi sama cikin kofin. 'Yata ta dafa gwiwa tana leƙe, ta ce, "Baba, wa ya ja ruwan?" Ni kuwa da ƙarfin gwiwa na ce wuta ce ta cinye iskar oksijin, ruwa ya shiga ya maye gurbinta. Har na ƙara da cewa oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska, shi ya sa ruwan ya hau kusan kashi ɗaya cikin biyar na kofin. Ta rubuta a littafinta.

Bayan kwana biyu littafin ya dawo da ɗan rubutu da fensir daga malamarta: "Ku sake gwadawa da kyandir uku a ƙarƙashin kofi ɗaya, ku lura da lokacin da ruwan ke hawa." Muka gwada. Ruwan ya hau fiye da na farko, alhali iskar da ke cikin kofin ba ta ƙaru ba. Kuma yawancin hawan sai bayan wutar ta mutu yake faruwa. Da na je ɗaukar yarinyar na ce, "Malama, ashe na koyar da ba daidai ba." Ta yi dariya ta ce, "Ba kai kaɗai ba, Baban yara, har a littattafai akan ga wannan bayani." Ta fayyace mini cewa wuta na ɗumama iskar cikin kofi ta buɗe, wata ma ta tsere ta ƙasa, idan wutar ta mutu iskar ta huce sai ta tsuke, iskar waje ta tura ruwa ciki. Kyandir kan mutu tun oksijin bai ƙare ba, kuma ƙonewar kanta tana samar da wata iskar da tururi.

'Yata ba ta goge bayanina ba. Ta ja layi a kai, ta rubuta sabon a ƙasa, tana yi tana satar kallona. Tun daga ranar ba ta ƙara jin nauyin cewa "na yi kuskure" ba. Kyandir ɗin nan dai ba ƙaramin malami ba ne: masanin kimiyya Michael Faraday ya yi wa matasa laccoci shida a kansa shi kaɗai a Landan, aka buga su a littafi a 1861. Duk gwajin da ke da wuta, babba ne ke kunna ashana, kuma ba ya barin wurin.

Mataki na 6: Ku fita, ku nemi masu koyarwa da ba a aji suke ba

Gidan adana kayan tarihi, gidan namun daji, ɗakin karatu, lambun tsirrai, duk akwai ma'aikatan da bayani wa baƙi ne aikinsu. Tun da masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe cibiyar baje kolin kimiyya mai suna Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka a 1969, cibiyoyin kimiyya da yawa a duniya suka ɗauki tsarin barin yaro ya taɓa ya juya da hannunsa. Kafin ku je, ku tambayi malami abin da ya dace da darasin da ake ciki. Idan kun isa, kada ku ce sai kun zagaye ko'ina. Abu uku sun isa, kuma yaro ne zai yi wa jagoran tambaya daga littafinsa, ku ku tsaya a baya.

Inda babu irin waɗannan wurare, akwai makanike, mai gyaran lantarki, ma'aikaciyar jinya, manomi. Minti goma sha biyar a gefen wanda ke buɗe inji yana faɗin aikin kowane sashe darasi ne cikakke. Ku ba malami shawarar ya gayyaci ɗaya daga cikin iyayen da ke irin waɗannan sana'o'i zuwa aji, ku kuma ɗauke masa wahalar shirya zuwan. Idan ana neman ranar da za a jingina taron, akwai 11 ga Fabrairu ta mata da 'yan mata a fannin kimiyya, da makon sararin samaniya daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, da 10 ga Nuwamba, ranar kimiyya ta duniya da UNESCO ta ware. Ku kuma lura da wanda ke riƙe kayan aiki a gida: idan kullum namiji ne ke aunawa mace na rubutawa, ku sauya su.

Wani lokaci za ku haɗu da malamin da aiki ya sha kansa, saƙo ya tafi ba amsa. Kada ku kai ƙara, kada kuma ku yi ƙorafinsa a gaban yaro. Ku rage buƙatar: yaro ya kai littafinsa da kansa, ya buɗe shafi ɗaya, ya yi tambaya ɗaya bayan an tashi darasi. Idan hakan ma ya gagara, ku duba jadawalin darussan da ke farkon littafin kimiyyar ajinsu, ku bi shi babi-babi, ku tara tambayoyin da suka fi ƙarfinku har zuwa ranar taron iyaye da malamai.