Matakan Zuwa Kallon Wasan Kwaikwayo a Samaru

Da farko, ka tuntuɓi sashen koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello domin sanin ranar wasa, tunda ba kullum ake yi ba. Daga nan ka shiga mota daga mahaɗar Kwangila da ke Zariya zuwa harabar jami'ar a Samaru, ka nemi dandalin da ake kira Drama Village. Ka isa da wuri, domin ginin kansa abin kallo ne: da ƙasa aka yi shi a shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da fili. Idan da hunturu ne, ka riƙo rigar sanyi. Da zarar an fara, ka kashe ƙarar wayarka, domin 'yan wasan suna dab da kai, har numfashinsu kana ji.