Yadda Ake Warware Lissafin Rashin Daidaito da Zana Shi

Mu ɗauki misali: -2x + 3 < 11.

Da farko ka cire 3 daga kowane ɓangare, sai ya koma -2x < 8.

Daga nan ka raba duka ɓangarorin da -2. A nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, don haka ka natsu. Duk lokacin da ka raba ko ka ninka da lambar da ke ƙasa da sifili, dole alamar rashin daidaiton ta juya. Dalili kuwa, 2 bai kai 5 ba, amma -2 ya fi -5 girma. Amsa ke nan x > -4.

Yanzu ka ja layin lambobi, ka nemo -4, ka yi masa ɗan da'ira mara ciko, tunda shi kansa -4 ba ya cikin amsar. Da alamar ≥ ce (wato ya fi ko ya yi daidai), da sai ka cike da'irar. Ka ja kibiya daga nan zuwa dama.

Kada ka tashi ba ka gwada ba. Sa 0 a madadin x: 3 < 11, daidai. Sa -5: ka samu 13, ya wuce 11, bai shiga ba.