Yadda ake zaɓen nau'in mazubi a rubutun manhaja

Duk bayanin da manhaja ke riƙewa yana zama ne cikin wani mazubi mai suna, kuma nau'in mazubin ne ke faɗa wa kwamfuta yawan gurbin da za ta ware da irin aikin da ya halatta a kansa. Kafin ka zaɓa, ka tambayi kanka abin da za a yi da bayanin, domin kamanninsa kan ruɗi mutum.

A ce kana rubuta wa wani ɗan kasuwar Maraɗi manhajar lissafin buhunan aya da wake. Adadin buhuna cikakkiyar lamba ce, saboda haka int ya dace da shi. Sai dai ka kula da faɗinsa. A Java, ɗaya daga harsunan rubutun manhaja, ƙaramin mazubin cikakkiyar lamba mai suna short yana tsayawa ne a 32,767, wato ko jaka talatin da uku na sefa ba zai ɗauka ba, int kuwa yana kaiwa 2,147,483,647, abin da ya zarce haka sai long, wanda ya fi su faɗi. Irin wannan ambaliya, wato lamba ta fi ƙarfin mazubinta, ita ce ta tarwatsa rokar Ariane 5 a ranar 4 ga Yuni 1996, lokacin da aka tura lamba mai bit 64 cikin mazubi mai bit 16 (bit shi ne ma'aunin faɗin mazubi).

Kuɗi ne wurin da masu koyo suka fi zamewa. Kada ka zuba su cikin float ko double, mazuban lamba mai ɗigo, domin waɗannan kintace suke yi: a harshen Python, 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, kuma ƴar wannan ɓaraka tana iya taruwa har lissafin wata ya ƙi cika. Sefa ta sauƙaƙa mana, tunda ba a ciniki da ɓangaren faran, sai a ajiye ta a cikakkiyar lamba. Ka dai tsai da shawara tun farko ko faran kake ƙirgawa ko dala, don a bakin kasuwa dala ɗaya faran biyar ce. Naira kuma a mayar da ita kwabo. A bar wa double awon nauyi da zafin rana.

Lambar waya ba a tara ta, ba a raba ta, don haka rubutu ce, String. Idan ka sa lambar abokin ciniki na Katsina cikin int, sifirin farko zai ɓace, sauran alƙaluma goman ma sun fi ƙarfin mazubin. Sunayen mutane su ma rubutu ne, a adana su da tsarin adana haruffa na UTF-8 don kada ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su rikiɗe. Ko mutum ya biya ko bai biya ba, boolean, mazubin da ke ɗaukar e ko a'a kawai, ya wadatar.