Yadda Za Ka Koyi Taswirar Duniya Daga Ƙofar Gidanka A Damagaram

Wata rana da la'asar sakaliya, a wata fada, wato majalisar shan shayi, da ke unguwar Zango, gardama ta kaure tsakanin samari a kan Dubai, har shayin farko ya ƙafe a kan garwashi ba wanda ya kula da shi. Ɗaya ya rantse cewa gari ne a cikin Saudiyya, hujjarsa kuwa ita ce yayansa ya tafi Umra ya dawo masa da waya 'yar Dubai. Wani ya ce ƙasa ce mai tutarta da shugabanta. Da suka juyo gare ni suka ce, “Malam, ka raba mu,” sai na goyi bayan na biyun ba tare da ko ɗar ba. Sai da na koma gida na duba, na ga Dubai ɗaya ce daga masarautu 7 da suka haɗu suka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a farkon shekarun 1970, kuma babban birnin ƙasar ma Abu Dhabi ne. Washegari na koma fadar na warware maganata, aka yi mini dariyar da ta kamata.

Abin da na lura da shi tun daga ranar shi ne, matsalarmu ba rashin jin sunayen ƙasashe ba ce. Mai sauraron rediyo a garin nan yana iya jera maka ƙasashe hamsin a zaune ɗaya, sai dai sunayen suna yawo ne a kansa ba su da mazauni, kamar dabbobin da ba a kafa musu turke ba. Aikin da ke gabanka, idan kana son fita daga wannan hali, shi ne ka kafa wa kowane suna turkensa, kuma ka fara daga inda kake tsaye.

Ka nemi taswira ta takarda guda biyu, ɗaya ta Afirka ɗaya ta duniya, irin waɗanda ake sayarwa a shagunan kayan makaranta, ka manna su a bangon zaure ko na shago inda idonka zai riƙa faɗawa a kansu kullum. Waya tana da amfaninta, zan zo kanta, amma fuskarta ƙarama ce, tana nuna maka unguwa ta ɓoye maka maƙwabta. Da ka manna, ka ɗauki alƙalami ka ɗiga alama a kan Damagaram. Daga nan ka koyi ƙasashe 7 da suka kewaye Nijar, kana nuna kowace da hannu daga tsakar gida: Najeriya da Benin a kudu, Burkina Faso da Mali a yamma, Aljeriya da Libiya a arewa, Chadi a gabas. Kada ka wuce wannan mataki sai ka iya zana su a ƙasa da tsinke ba tare da ka ɗaga kai ka dubi bango ba, domin duk abin da zai biyo baya a kansu zai hau.

Bayan maƙwabta sai nisa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, saboda lambar kilomita ba ta gaya wa jiki komai sai an gwada ta da tafiyar da mutum ya taɓa yi. Kusan kowane ɗan garin nan ya san wahalar hanyar Yamai, wadda ta kai kimanin kilomita 900, ana fita da asuba ana isa da dare. To, ka mayar da ita mudunka. Kano tana nan kimanin kilomita 240 daga gare mu, wato babban birnin Hausa na wata ƙasa ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba a kan babban birnin ƙasarmu. Makka, idan aka miƙe layi ta sama, ta kai kusan kilomita 3,400, kamar hanyar Yamai sau huɗu saura kaɗan. Birnin Paris yana wajen kilomita 3,900, abin da ke ba mutane mamaki, don sun ɗauka Faransa tana can bangon duniya alhali ba ta ɗara Makka nisa da yawa ba. Guangzhou ta ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu suke zuwa saro kaya, ita ce mai nisan gaske, domin ta haura kilomita 10,000.

Haka za ka yi da girman ƙasashe. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, ta ninka Faransa sau biyu da ɗoriya, ta kuma fi Najeriya faɗin ƙasa duk da cewa mutanen Najeriya sun haura miliyan 200. Jihar Damagaram ita kaɗai ta fi ƙasar Benin faɗi. Sai dai a nan dole in ja maka kunne game da taswirar da ka manna a bango, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa suna bin tsarin da wani Bature mai suna Mercator ya fitar a 1569 don amfanin matuƙan jiragen ruwa. Duniya ƙwallo ce, kuma ba a shimfiɗa ƙwallo a kan takarda sai an ja wani gefe, kamar yadda dukawa suke jan fata kafin ta kwanta. Tsarinsa yana kumbura ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, shi ya sa za ka ga tsibirin Girinlan kamar ya yi kai ɗaya da Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita kimanin miliyan 30, ta ninka shi kusan sau 14. Idan ka samu ƙwallon duniya irin na makaranta, ko da tsoho ne, ka riƙa gwada girma a kansa.

Hanya mafi daɗi ta cika taswirar, a ganina, ita ce bin sawun kakanninmu, domin su ba jahilan duniya ba ne. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, Damagaram babban zango ce ta ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Agadas da Ghat da Ghadames har Turabulus a bakin Bahar Rum, kuma sunan unguwar Zango ma daga saukar fatake ya samo asali. Ka ɗora yatsa a kan taswira ka bi wannan hanya gari bayan gari, za ka tarar ka koyi rabin Libiya ba ka sani ba. Sannan ka bi hanyar alhazan ƙasa, waɗanda suka riƙa ratsa Chadi da Darfur da tsakiyar Sudan har gaɓar Bahar Maliya, su tsallaka zuwa Jidda, wasu su shekara biyar ko goma a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu kuma su zauna can ɗungurungum, shi ya sa har gobe akwai Hausawa masu yawa a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno. Ta uku ita ce hanyar goro zuwa Gwanja, wadda take arewacin Ghana ta yau. Idan akwai tsoho a gidanku ko a masallacinku da ya yi yawon duniya, ka kai masa taswirar ka ce, “Baba, nuna mini inda kuka bi.” Mai yiwuwa bai iya karanta rubutun boko ba, amma zai jera maka garuruwan bi da bi, kai kuma ka nemo su da yatsa.

Kasuwar Dole ma makaranta ce ga wanda ya iya juya buhu. A jikin kusan kowane kaya akwai inda aka rubuta ƙasar da ta yi shi: shinkafa daga Tailan ko Indiya ko Pakistan, ganyen shayi da babura daga Sin, dabino da taliya daga Aljeriya. Duk lokacin da ka karanta suna, ka nemo shi a bango da dare, sannan ka tambayi kanka ta ina kayan ya biyo. Nijar ba ta da teku, saboda haka buhun shinkafar sai ya sauka a wata tashar jiragen ruwa kamar Kwatano ko Lome kafin ya hau babbar mota. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamaki ba idan aka rufe wata iyaka a kudu farashin tiya ya tashi a Damagaram. Labaran rediyo ma haka za ka yi da su: ka ɗauki suna ɗaya tak a kowace rana, ka nemi ƙasar, da babban birninta, da maƙwabtanta biyu. Suna ɗaya a rana ya isa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙasashe 193, kuma a haka kafin shekara ta zagayo ka ratsa su duka.

Akwai wasu tarkuna da ya kamata ka sani tun da wuri. A bakinmu duk ƙasar fararen fata Turai ce, amma Turai nahiya ce guda, Amurka da Kanada suna ƙetaren tekun Atlantika, Ostireliya kuma tana can kudu maso gabashin Asiya, kuma ba ita ce Ostiriya maƙwabciyar Jamus ba. Ingila yanki ne na Birtaniya, tare da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Kwango biyu ce, kuma manyan biranensu, Kinshasa da Brazzaville, suna kallon juna kogi ne kawai a tsakani. Gini uku ce a Afirka: ta Konakiri, da Gini Bisau, da Ikwatoriyal Gini. Istambul ta fi suna amma Ankara ce babban birnin Turkiyya. Wanda ya fi kama mu shi ne ɗaukar kowane Musulmi mai hasken fata a matsayin Balarabe, alhali Turkawa da Iraniyawa da 'yan Pakistan kowa da harshensa, kuma ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, wato Indonesiya da Pakistan da Indiya, babu ta Larabawa ko ɗaya a cikinsu. Mu ma ana yi mana irin wannan, domin duk wanda ya fita waje ya san gajiyar bayyana wa baƙo cewa Nijar daban, Najeriya daban. Har kalmar “ƙasashen yamma” ka riƙe ta da hankali, don idan ka tsaya a unguwar Birni ka nuna Faransa, arewa za ka nuna.

Waya za ta taimaka maka wajen lokaci da yanayi, waɗanda takarda ba ta nunawa. Ka buɗe agogon duniya da ke cikinta ka ƙara Makka da Guangzhou. Za ka ga Makka tana gabanmu da awa biyu, Sin kuma da awa bakwai, saboda haka ɗan kasuwar da ya kira abokin cinikinsa na can bayan sallar la'asar, mutumin da ke shirin kwanciya yake tayarwa. A watan Disamba, lokacin da hunturu ya sa mu jin wuta da safe, a Afirka ta Kudu tsakiyar zafi ake, domin su suna kudu da layin da ya raba duniya biyu. Manhajar Google Earth tana ba ka damar juya ƙwallon duniya da yatsa, sai dai tana cin kuɗin intanet, don haka ka tanadi abin da kake son dubawa kafin ka buɗe ta.

In ka yi wata biyu a haka, ka gwada kanka. Ka juya wa bangon baya, ka sa wani yaro ɗan makaranta ya riƙa kiran ƙasashen Afirka 54 ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana faɗin yankin da kowace take da ƙasa ɗaya da ta yi iyaka da ita. Waɗanda ka kasa, yaron ya zagaye su da jan alƙalami, su zama aikin makon gaba. Ranar da na fara yin wannan gwaji da ɗan ƙanena, ƙasashe goma sha ɗaya ya zagaye mini, kuma sai da ya sake kiran Malawi sau uku don ya ji daɗin shirun da na yi.